Babi na Biyar: Goron Sallar Wanda Bai Iya Magana Ba

Idan azumi ya kai goman ƙarshe, kasuwannin ƙasar Hausa kan canja kama. A Kantin Kwari ana rububin shadda da atamfa, a Sabon Gari da Ƙofar Wambai kuma teburan 'yan koli kan cika da kayan yara har su zubo bakin hanya: takalma masu fitila a dunduniya, motocin roba masu batir, wayoyin ƙarya masu kiɗa, tabarau kala-kala, da 'yan riguna da aka yi wa ado da duwatsu masu walƙiya. Haka abin yake a Maraɗi da Damagaram, haka yake a Kaduna da Jos idan Kirsimeti ta matso. Gwaggo da kawu da baffa, kowa yana son ya shiga gidan 'yan'uwa da abin da zai miƙa wa autan gidan, kuma wannan niyya ce mai kyau wadda ba ta buƙatar gyara. Abin da yake buƙatar gyara shi ne idon da ake zaɓen kayan da shi. Cikin duk waɗanda ake yi wa goron Sallah, jariri da ɗan yaye ne kaɗai ba sa iya cewa ga abin da suke so, don haka mai saye yakan ɗauki abin da ya burge shi, ko wanda zai burge mutanen gidan idan an kwance leda a gabansu. Ra'ayin da nake karewa a wannan babi shi ne cewa kyautar yaron da bai kai shekara uku ba ana auna ta da abin da za ta sa hannunsa ya yi, da maganar da za ta jawo tsakaninsa da mai renonsa. Tsadarta da ƙyallinta ba sa cikin lissafin.

Dalilin yana cikin kan yaron. Ranar da aka haife shi, ƙwaƙwalwarsa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ce ta girman ta babba, kafin ya cika shekara uku kuwa ta kai kimanin kashi 80 cikin 100. A wannan tsakanin jijiyoyinta suna ƙulla hanyoyi da juna, hanyar da aka yi ta bi ta yi ƙarfi, wadda aka bari ta shafe. Yawancin abin da manya suke kira ɓarna shi ne wannan aikin. Ɗan wata huɗu da ya kai hannu ya cafki ɗankunnen uwarsa yana koyon haɗa ido da hannu ne. Ɗan wata shida yana kai komai baki domin a lokacin leɓe da harshe sun fi yatsunsa iya bambance taushi da tauri. Ɗan wata tara da ya jefar da cokali, aka ɗauko masa, ya sake jefarwa yana dariya, abu biyu yake tabbatarwa: abin da ya ɓace wa ido yana nan bai gushe ba, kuma idan ya yi motsi akwai wanda zai amsa. Ɗan shekara ɗaya da rabi da ya zazzage kwandon albasa ya zauna yana mayarwa ɗaya bayan ɗaya ya fara sanin ciki da waje, da yawa da kaɗan. Duk mai son ya yi wa irin wannan yaro kyauta, sai ya tambayi kansa a gaban tebur: wannan abin za a iya riƙe shi, a girgiza, a jefar, a cika, a zazzage, a ɗora wani a kansa? Idan abu ɗaya kawai ake yi da shi, wato danna maɓalli a tsaya ana kallo, to yaron zai gama da shi kafin a gama cin tuwon Sallah.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ta fito ne daga unguwannin talakawa na birnin Kingston a ƙasar Jamaika. A 1986 da 1987 wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 masu wata tara zuwa ashirin da huɗu, dukansu tsumburarru saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, suka kasa su rukuni-rukuni. Wasu aka riƙa ba su madara duk mako. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ke zuwa gidansu sau ɗaya a mako, ta yi awa guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yaba masa idan ya gwada abu. Kayan wasan da take kawowa na gida ne, an haɗa su da robobi da tsummoki da sauran tarkacen da ake zubarwa, takan bar su a gidan ta canja su a mako mai zuwa. Shekara biyu aka yi ana haka. Bayan shekara ashirin aka bi sawun yaran, kuma a 2014 mujallar Science ta buga sakamakon, cikin marubutan har da James Heckman wanda ya ci kyautar Nobel a fannin tattalin arziki. Waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da kimanin kashi 25 cikin 100, har sun kamo yaran da ba su taɓa tsumburewa ba. Amfanin madarar ya bayyana da farko amma bai ɗore ba. Abin lura a nan shi ne kayan da suka yi wannan tasiri ba su da wata daraja a kasuwa. Darajarsu ita ce sun zama dalilin da uwa take zama da ɗanta fuska da fuska.

Idan aka juya ga abin da ya fi cika teburan 'yan koli, sai a ga akasin haka. Wata malama a jami'ar Arewacin Arizona ta Amurka, Anna Sosa, ta naɗi muryoyin iyaye 26 suna wasa da 'ya'yansu masu wata goma zuwa sha shida a cikin gidajensu, ta buga abin da ta samu a 2016. Ta ba su kaya iri uku: masu batir da suke magana da kiɗa, na gargajiya irin su gumaguman ɗorawa, da littattafan hoto masu kauri. Da kayan batir, iyaye suna furta kimanin kalma 40 a minti guda. Da na gargajiya kimanin 56, da littattafai kimanin 67. Musayar sauti tsakanin uwa da ɗa, wato ya yi gwalan-gwalan ta amsa masa, ita ma ta ragu idan abin batir ne a tsakaninsu. Ba wuya a gane dalili. Abin wasa mai surutu kamar maroƙi ne a wurin biki, idan ya ɗaga murya kowa sai ya yi shiru ya zuba masa ido. Kuma muryar da ke fitowa daga inji ba ta koya wa jariri abin da muryar mutum take koya masa. Patricia Kuhl ta jami'ar Washington ta nuna haka a 2003, lokacin da ta sa jarirai 'yan wata tara, 'ya'yan masu jin Ingilishi, suka yi zama goma sha biyu suna sauraron Sinanci. Waɗanda mutum ya zauna a gabansu ya yi musu magana sun koyi bambance sautukan harshen. Waɗanda aka kunna wa irin wannan magana a talabijin ko a rikoda ba su ɗauki komai ba. Saboda haka wayar robar da take rera haruffan Ingilishi, wadda mai tebur zai rantse maka cewa tana buɗe wa yaro kai, ba ta da abin da za ta ba ɗan wata goma wanda kakarsa ba ta fi ta iya bayarwa ba idan ta ɗora shi a cinya tana yi masa tawai.

To me za a saya? Amsar tana bin shekarun yaron, kuma yawancinta tana cikin kasuwar da muka saba. Jaririn da bai kai wata uku ba yana gani sosai ne a tazarar da ba ta wuce taƙi guda ko ɗan fiye ba, wato daga ƙirjin uwa zuwa fuskarta, don haka ba ya buƙatar abin wasa, fuskar mutane ta ishe shi. Shimfiɗa mai tsabta wadda ba ta lotsawa, da za a riƙa kifa shi a kai yana farke ana kallonsa, ta fi masa amfani, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tara wa jariri aƙalla minti 30 a yini yana rub da ciki, a rarrabe, don wuyansa da kafaɗunsa su yi ƙwari. Daga wata huɗu zuwa tara lokacin kacau-kacau ne, mara nauyi, wanda bakinsa yake a rufe gam yadda 'ya'yan ciki ba za su zubo ba, da ƙwallo mai taushi da ya fi ƙarfin baki. Daga wata tara zuwa shekara ɗaya da rabi babu abin da ya kai jerin ƙoƙuna ko kwanukan roba masu shiga cikin juna, da ludayi, da bokiti ƙarami mai murfi. Yaro zai yi wata da watanni yana cikawa yana juyewa, yana kifa babba a kan ƙarami yana neman inda ya shiga. Daga nan zuwa shekara uku kuma sai gumaguman katako, waɗanda kowane kafinta zai iya yankawa daga ragowar aikinsa ya goge su sumul ba tare da fenti ba, da 'yar tsana ta ƙyalle, da ƙananan tukwane da faifai na wasan girki, da mota mai igiya gajeriya wadda ake ja, da allo da alli babba. Kuma kada a yi tunanin yawa shi ne alheri. Masu bincike a jami'ar Toledo ta jihar Ohio sun gwada yara 36 masu wata goma sha takwas zuwa talatin, wani lokaci a ɗaki mai kayan wasa huɗu, wani lokaci mai goma sha shida. Inda kayan suke huɗu yaran sun fi daɗewa a kan kowane, sun kuma fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi.

Akwai kyauta ɗaya da ta cancanci a tsaya a kanta, saboda tana da tsada, ana alfahari da ita, kuma tana da haɗari. Ita ce keken nan mai zagayen taya da ake zaunar da yaro a tsakiyarsa ƙafafunsa suna taɓa ƙasa, da sunan zai koyi tafiya da wuri. Ba ya sa yaro saurin tafiya, domin tafiya tana zuwa ne daga miƙewa da faɗuwa da kama bango, kuma lafiyayyun yara suna fara ta kowane lokaci tsakanin kusan wata tara da wata goma sha takwas. Abin da keken yake yi shi ne ba wa wanda bai san wuta ba gudu da tsayin da zai kai gare ta. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi da shigo da shi tun 2004, yawanci saboda yaran da suke gangarowa daga matakalar bene. A gidajenmu abin tsoron ya fi haka kusa: murhun gawayi a tsakar gida, tukunyar ruwan zafi da aka sauke, kaskon suyar naman layya, bakin rijiya. Tsohon keken katako mai ƙafa uku da kafintocinmu suke yi, wanda yaro yake tsayawa a bayansa ya tura, ya fi wannan ma'ana, domin nauyin yaron yana kan ƙafafunsa, amma shi ma sai wanda ya riga ya iya miƙewa da kansa, kuma da babba a kusa.

Wannan ya kawo mu ga sharaɗin da yake gaba da kowane, wato kada kyautar ta cutar. Yaron da bai kai shekara uku ba maƙogwaronsa ƙarami ne, tarinsa ba shi da ƙarfin fitar da abin da ya maƙale. Ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka da Turai bututu ne mai faɗin santimita uku da 'yan kai, duk abin da ya shige cikinsa bai dace da wannan yaro ba. A kasuwa mutum zai iya haɗa babban yatsa da manuniya ya yi zobe, abin da ya wuce ta ciki ya ajiye shi. Kuma a ja, a murɗa: idon 'yar tsana, tayar mota, duwatsun gaban riga, duk wanda ya motsa a hannun babba zai cire a bakin yaro. Balan-balan da ake rabawa ranar Sallah yana cikin abubuwan da suka fi shaƙe yara, domin idan ya fashe ɓallen robar yakan manne a hanyar numfashi. Mafi muni shi ne ƙaramin batir mai kama da kwabo, irin wanda yake cikin takalma masu fitila da agogon roba da wasu motoci. Idan yaro ya haɗiye shi ya tsaya a hanyar abinci, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu, kuma da farko ba a ganin wata alama da ta wuce dalalar miyau da ƙin abinci. Abin wasan da murfin batirinsa ba a ɗaure yake da kusa ba, bai kamata ya shiga gidan da ake da mai rarrafe ba. A cikin abin ci ma, gyaɗa ɗaiɗaya da alawa mai tauri da cingam na manyan yara ne, zuma kuma sai bayan shekara ɗaya.

Sai batun dalma, wanda mutanen Arewa suka san zafinsa fiye da kowa. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje. Wannan ba daga kayan wasa ya zo ba, amma ya nuna mana abin da gubar take yi wa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, kuma likitoci sun tabbatar babu wani adadinta da za a ce ba ya cutarwa. Kaɗan-kaɗan ma tana rage fahimta ba tare da yaron ya kwanta ciwo ba. Fenti yana cikin hanyoyinta. A 2007 kamfanin Mattel, ɗaya daga cikin manyan masu kayan wasa na duniya, ya janye kaya fiye da miliyan ɗaya daga kasuwa saboda dalma a fentinsu. Idan haka ta faru da kamfanin da hukumomi suke sa wa ido, me za a ce da abin da ba shi da sunan wanda ya ƙera shi, fentinsa yana kankaruwa da farce? Wata hanyar kuma tana cikin kayan barka da kansu. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi diddigi har zuwa kwallin da aka kawo daga Najeriya ana sa masa, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ne. Tandun kwalli kyauta ce ta ƙauna, amma idon jariri da hannunsa da bakinsa ba su da nisa da juna.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan magana a kan wasa ce, alhali gidaje da yawa abin da ya dame su ya fi wasa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa a ƙasarmu kyautar da take gina yaro ta haɗa da abubuwan da ba a saba kiransu goron Sallah ba. Najeriya ce take ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, Nijar kuma tana cikin ƙasashen da cutar ta fi kashe mutane, kuma yawancin waɗanda take kashewa a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Wanda ya rayu ma, zazzaɓin da yake ta dawowa yana ƙarar da jini, idan ya hau kai yana iya barin tabo a ji da magana da koyo. A 2024 da 2025 Babbar Sallah ta faɗo a watan Yuni, farkon damina ke nan. Gidan sauro mai magani a irin wannan lokaci kyauta ce ta gaske. Ana raba shi kyauta, haka ne, amma rabon yakan ɗauki shekaru kafin ya zagayo, gidan sauron kuma yana yagewa kafin nan. Haka batun abinci. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Ga yaron da ya wuce wata shida, garin kunu da aka haɗa da gero da gyaɗa da waken suya, ko kiret ɗin ƙwai, ko kaza mai yin ƙwai idan gidan yana da wurin kiwo, sun fi katan ɗin biskit. Ga wanda bai kai wata shida ba, nono ne abincinsa kaɗai, don haka a ciyar da mai jego. Fida da gwangwanin madara suna cikin kayan barkar da ake ganin sun fi ƙima, amma fida tana da wuyar wankewa inda ruwa yake da ƙaranci, tana jawo gudawa, tana kuma rage shan nono. Kofi ƙarami da cokali sun fi ta. Zanen goyo mai kauri da majanyi ma ba ƙaramar kyauta ba ce, domin yaron da yake bayan uwarsa yana jin duk hirar da take yi.

Littafi yana da tasa matsalar. Littattafan Hausa masu kauri na jarirai ba su da yawa a kasuwa, domin maɗaba'unmu tun zamanin kamfanin Gaskiya a Zariya sun fi mai da hankali ga 'yan makaranta da manya. Amma ɗan shekara ɗaya ba rubutu yake karantawa ba. Littafin hoton dabbobi ko da da wane harshe aka buga shi, uwa za ta nuna ta ce ga akuya, ga zakara, yaya yake cara? Uwar da ba ta yi boko ba ta iya wannan sarai. Shafin African Storybook na intanet yana da labaran yara da Hausa kyauta, ana iya bugawa a lulluɓe da roba. Wanda ya fi wannan ma shi ne a wanke hotunan mutanen gidan, Baba da Inna da Kaka da Yaya, a sa su a ƙaramin kundi. Yaro zai yi ta buɗewa yana kiran sunaye.

Akwai masu cewa Sallah ranar farin ciki ce, ba ranar asibiti ba, a bar yara su yi ado su ji daɗi. Ban ƙi ɗinkin Sallah ba, kuma yarinya 'yar shekara biyu da aka yi wa lalle da sabuwar riga ta san an yi mata abu. Amma a lura da abin da yake faranta ran ɗan wata goma. Sau da yawa yakan ture motar ya kama kwalinta, domin kwalin ne yake iya buɗewa da rufewa. Farin cikin da muke karewa sau da yawa namu ne. Sai kuma kunya, wadda ita ce babbar matsalar a gaskiya: wa zai shiga gidan surukai da ƙoƙuna uku da gidan sauro alhali wani ya zo da mota mai jiniya? Wannan damuwa ce ta gaske a al'ummar da take auna zumunci da abin hannu. Mafita ita ce a raba kyautar gida biyu. Kuɗin da za a kashe a kan motar, a sayi turmin atamfa ko sabulu ga uwar, wanda shi ne mutane suke gani, a haɗa da ɗan abin da yaron zai yi aiki da shi. Mai cewa a ba da kuɗi kawai shi ma yana da hujja, domin uwa ta fi kowa sanin abin da ya ƙare a ɗakinta, kuma a gidan da ake cikin matsi kuɗin ya fi. Illarsa ɗaya, yakan narke cikin cefane, kuma babu laifi a hakan, sai dai ba ya barin abin da zai sa a zauna a yi wasa. Masu ƙyamar 'yar tsana saboda addini kuma, hadisai ingantattu sun nuna Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma malamai da yawa sun kafa hujja da wannan wajen halatta su ga yara. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, 'yar tsana ta ƙyalle marar fuska tana yin aikin, yaron da kansa zai ba ta suna da hali.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na uwar da ta gaji. Tana da girki da wanki da sana'a da wasu yara uku, abin wasa mai kiɗa ko bidiyo a waya shi ne yake ba ta minti ashirin ta sauke tukunya. Wanda bai yi reno ba ne kawai zai raina wannan. Ana kuma iya cewa binciken Sosa da na Toledo ƙanana ne, an yi su a Amurka inda uwa ɗaya take zaune da ɗa ɗaya. Haka ne, kuma da su kaɗai ne da ban jingina da su ba. Amma sun dace da na Jamaika, wanda aka yi cikin talauci irin namu aka kuma bi shi shekara ashirin, sun dace da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Kuma bambancin gidajenmu da na Amurka riba ce gare mu. Gidan Bahaushe ba ya rasa hannu: akwai kaka, akwai matan sauran ɗakuna, akwai 'yar reno. A inda ake kiyaye kunyar ɗan fari, uwar ma ba ita ce take yi masa wasa a gaban mutane ba, kaka ce ko gwaggo. Saboda haka mai kawo kyauta ya duba wanda yaron yake wuni a hannunsa, ya miƙa masa abin, ya zauna a tabarma ya nuna yadda ake kifa ƙoƙo a ɓoye cokali a ce ina yake, ya kuma roƙi kada a jera shi a cikin kabad don ado. Idan yayarsa ce 'yar shekara bakwai take goyonsa, a haɗa da nata rabon, a gaya mata ita ce za ta koya masa sunayen dabbobin da suke cikin littafin, a kuma ja mata kunne cewa alawarta da 'yan kunnenta da balan-balan ɗinta ba sa zuwa kusa da bakinsa.